Gyara-Zama Yana Neman Likitan Jijiya

Duk wanda ya taɓa zama a kujerar askinsa ya san inda laƙabin ya samo asali. Ko ka zauna daram kamar an dasa ka, sai ya dafa kafaɗarka ya ce, "Gyara zama." Tun ana faɗa a bayan idonsa har aka koma faɗa a gabansa, shi ma ya gaji ya fara amsawa. Matarsa ma in ya ɓata mata rai takan ce da 'ya'yanta, "Ku je ku gaya wa Gyara-Zama abincinsa yana hucewa."

Shagonsa ɗaki ɗaya ne, tsakanin mai facin taya da mai sayar da katifa, a titin da ya gangara zuwa tashar mota. Akwai dogon madubi da gefensa ya fara cin tsatsa, da bencin masu jira, da kujera mai juyawa wadda ta daina juyawa hagu tun da daɗewa, sai dai a zagaya da mutum ta dama. Kilifa, injin aski, tana rataye a ƙusa, amma ba ita ke kawo mutane ba, don kilifa kowa ya iya ta. Abin da ke sa direba ya wuce shaguna masu fitilu da kiɗa ya zo ya zauna a wannan bencin shi ne aska. Gyaran fuska da aska tsirara, bayan tawul mai ɗumi da kumfa. Mutum ya kwantar da kai baya, ya miƙa maƙogwaro, ya rufe ido, kafin a gama saje ɗaya ka ji yana minshari. Wannan barcin shi ne abin alfaharin Gyara-Zama a duniya, ya fi masa duk wani yabo da za a yi da baki.

A wurin kawunsa ya koyi sana'ar. Kawun nan mutum ne mai zafi, sai da ya sa shi ya yi ta aske kumfa daga jikin balan-balan har ya daina fasa su, sannan ya bar shi ya taɓa fuskar mutum. Da askar nan ya yi aure, da ita ya ciyar da gida, da ita ya yi wa babbar 'yarsa karatu har ta zama malamar makaranta, yanzu kowa a gidan Malama yake ce mata, har shi. Mutum ne mai tsabta, mai son girma, mai saurin fushi da saurin hucewa. Yana da wani hali kuma da sana'a ta koya masa. Mai aski yini yake ana zuba masa zance a kunne, na siyasa, na ƙwallo, na surukai, saboda haka ya saba ɗaukar abin da ya yi masa a cikin magana ya zubar da sauran.

Hannun dama ne ya fara. In ya ajiye shi a kan gwiwa yana hutawa, sai babban yatsa ya riƙa murza na kusa da shi, kamar mai murza ɗan zare. Matarsa ce ta fara lura. Ya ce mata hannu ne da bai saba zaman banza ba, kuma yana da hujja, don da zarar ya ɗauki aska rawar sai ta tsaya cak. Haka aka yi ta tafiya. Sai maɓallin riga ya fara yi masa gardama. Sai aikin ya fara tsawo, har mutum ya yi barcinsa ya farka ba a gama ba. Ranar da abin ya tsorata shi, mai katifa ne a kujera da yamma, ya sheme yana minshari, Gyara-Zama ya kai aska ƙarƙashin haɓarsa, sai ya ga bakin askar yana ɗan rawa. Bai yanke shi ba, mai katifa bai ma san an yi ba. Amma shi ya gani, kuma washegari ya tafi asibiti.

Likitar da ya samu mace ce, gajiya ta cika mata ido, layi kuma a waje har bakin matakala. Duk da haka ta duba shi da kyau. Ta sa ya yi tafiya zuwa ƙofa ya dawo, ta sa ya riƙa haɗa yatsu biyu da sauri, ta lanƙwasa masa wuyan hannu ta miƙe.

"Baba, wannan ba aikina ba ne," in ji ta. "Sai ka nemi likitan ƙwaƙwalwa da jijiya. Kada ka yi wasa da shi."

Ya ji ta sarai, kunnensa lafiya lau. Amma tsakanin ƙofar ɗakinta da ƙofar asibiti sai ya sa aska ya aske rabin maganar. Da ya isa gida matarsa ta tare shi tun bai cire takalmi ba.

"Me suka ce?"

"Jijiya ce. Ta ce in nemi likitan jijiya."

"To, alhamdu lillahi, abin da sauƙi ke nan," in ji ta, ta koma kan wankinta.

Da sauƙi a ina! Wanda bai taɓa yawo da kalmar jijiya a bakinsa yana neman taimako ba, bai san wahala ba. Wadda jini ke bi a ciki jijiya ce. Ta bayan dunduniya jijiya ce. Wadda ke maƙale wa mutum a haƙori in yana cin nama ita ma jijiya ce. Akwai kuma wata da manya ba sa ambata a gaban yara. Duk wanda Gyara-Zama ya tambaya, tasa jijiyar yake ji, kuma kowa da tabbacinsa yake nuna hanya.

Mai kemis na bakin titi ya fara tambaya. Mutumin ya dubi hagu ya dubi dama, ya rage murya, ya zaro wata ƙaramar kwalba daga ƙarƙashin kanta mai hoton doki a jiki.

"Ai ba sai ka ga likita ba, Baba. Cokali ɗaya, in ka dawo gobe ba ka yi mini godiya ba ka canza mini suna."

Nan Gyara-Zama ya gane inda aka dosa. Ya ce, "Kai, sa'an ubanka nake fa. Hannuna nake magana." Ya fita yana huci, ya daina sayen ko maganin mura a wurin.

Mai facin taya ya ce akwai ƙwararre a wani asibitin kuɗi, shi ya yi wa surukarsa aikin jijiya. Gyara-Zama ya rufe shago ya tafi. Likitan ya sa ya naɗe wando, ya dudduba masa ƙwauri da bayan gwiwa, ya auna jini, ya ce jijiyoyinsa sun fi na wasu samari kyau, sai dai ya rage gishiri kuma ya rage tsayuwa. Mai aski ake ce wa ya rage tsayuwa. Da ya nuna masa hannun, likitan ya ce shi na jijiyar jini ne, wannan kuwa wataƙila masu gashin ƙashi za su fi sani.

Masu gashi sun karɓe shi hannu biyu. Makonni yana zuwa, ana kunna masa wata jar fitila a kafaɗa, ana murza masa dantse da mai, ana ba shi ƙwallon roba ya riƙa matsawa. Ya ji daɗin abin, ba a musu, don tunda yake ba a taɓa yi masa hidima yana kwance ba, kullum shi ke yi wa wasu. Amma hannu yana nan yana murza zarensa. Ran nan matar da ke gasa shi ta kashe fitilar, ta ja kujera ta zauna.

"Baba, gaskiya muna ɓata maka lokaci ne. Jijiyar da muke gasawa lafiyarta ƙalau. Taka daga sama take." Ta ɗora yatsa a gefen kanta.

Ya mayar da rigarsa, ya yi fama da maɓalli har ya gama bai bari ta taimaka ba, ya ce mata an gode. Bai sake komawa ba. A gida ya ce sun ce an gama gashin.

Daga nan Malama ta shigo maganar, ita kuwa ba ta iya yin abu rabi-rabi ba, halin uban ta kwaso har da saurin fushin. Ta zauna da wayarta ta rubuta tana neman likita mafi kusa. Waya ta kawo mata likitoci masu murmushi da fararen haƙora, dukkansu a ƙasashen da sai an hau jirgi. Ta sake rubutawa, ta sami lamba. Ta kira, wata mata ta ɗauka ta ce ita labule take sayarwa, kuma ta gaji da masu kira suna ce mata likita. Ta sami adireshi a cikin gari, ta ɗauki hutun rabin yini ta ja uban suka tafi, suka tarar ginin ya zama shagon tayil, allon asibitin ma yana jingine a bayan gida ana shanya tsumma a kai. A wani asibitin kuɗi an rubuta sunan fannin ɓaro-ɓaro a bango, amma yarinyar da ke karɓar baƙi ta ce likitan yana zuwa ne in an tara mutane.

"Mutum nawa kuka tara yanzu?" in ji Malama.

"Ku ne na farko."

Da suka dawo ranar, Malama ba ta wuce ɗakin mijinta ba, ta biyo uban gida. Ta zauna a bakin tabarma tana juya wayar a hannu, uwar tana tsintar shinkafa a faranti.

"Baba, ina da tambaya, kada ranka ya ɓaci. Duk inda na duba, wannan likitan ba a kiransa na jijiya kawai. Ƙwaƙwalwa da jijiya ake cewa, a haɗe. Me likitar nan ta gaya maka daidai?"

"Abin da na gaya muku."

"Baba."

Ya dubi bango. Hannun yana kan gwiwarsa yana ta aikinsa, ya sa na hagu ya danne shi. "Ta haɗa da ƙwaƙwalwar," in ji shi.

Matarsa ta ajiye faranti. Ba ta ɗaga murya ba, abin da ya fi ba shi haushi ke nan. "Wato duk watannin nan da kake rufe shago kana yawo, da yarinyar nan da ke barin ɗalibanta, ka san inda aka ce ka je?"

"Ni mahaukaci ne? Ki dube ni da kyau. Ke kin san abin da nake riƙewa a hannu kuwa? Wa zai kwanta ya rufe ido ya miƙa wuyansa ga mutumin da aka gani a wurin likitan ƙwaƙwalwa?"

"To wa zai miƙa shi ga hannu mai rawa?" in ji ta. "Ko kana tsammani ba su da ido?"

Ya tashi ya fita, ya zagaya unguwa ya dawo, ya ce wa Malama ta binciko masa ranar da ake ganin mutane. Ya kuma ce shi kaɗai zai je.

Tsoronsa ba na banza ba ne, kowa a garin ya san wurin. Sashen ƙwaƙwalwa yana bayan babban asibiti, da katangarsa da ƙofarsa daban. Har zagi aka yi da shi, in mutum ya cika shirme sai a ce, "Wannan sai an kai shi baya." Gyara-Zama da bakinsa ya sha faɗar haka a shago ana dariya. Wanda ya tsara ginin kuwa, Allah ya yafe masa, sai ya buɗe ƙofar tana kallon bayan tashar mota, daidai rumfar mai shayi inda direbobi ke zama suna jiran lodi. Rabin masu kwanciya a kujerarsa a wannan rumfar suke yini.

Ya yi dabara, ya shiga ta babbar ƙofar asibiti da niyyar ya ratsa ta ciki. Ya bi dogon baranda, ya wuce ɗakin haihuwa, ya wuce wurin wanki, ya tarar da ƙaramar ƙofar ƙarfe da kwaɗo a jiki. Mai gadi ya ce makullin yana hannun wani da aka yi wa canjin wurin aiki, sai dai ya fita ya zagaya. Ya roƙe shi, ya ce masa shi dattijo ne, ƙafarsa ba ta da ƙarfi. Mai gadi ya ce ko shugaban asibiti zagayawa yake yi.

Haka ya fita ya bi jikin katanga, ya ja hula har gira, kamar akwai hular da za ta ɓoye mutumin da ya yi shekara da shekaru yana tsaye a kan fuskokin direbobin nan. Wani direban doguwar tafiya da ake kira Dogon Zango, ƙato mai yawan gemu da yawan surutu, wanda duk dawowarsa daga hanya shagon yake fara sauka, shi ya fara hango shi.

"Gyara-Zama, lafiya? Wa ka kawo baya?"

"Dubiya na zo," in ji shi, katin asibiti kuwa yana leƙowa daga aljihun rigarsa.

A ciki ba abin da ya zata ya gani ba, kuma wannan ma haushi ya ba shi. Babu mai ihu, babu mai sarƙa. Mutane ne a kan benci shiru, wata tana saƙa, wani da jakar ofis yana duba agogo, wata tsohuwa tana ɓare wa jikarta lemo. Ya zauna can ƙarshe, ya bar tazara tsakaninsa da kowa, ya cusa hannun a aljihu.

Likitan dattijo ne mai fara'a. Ya tambaye shi ko yana barci, ko yana cin abinci, ko yakan ji duniya ta ishe shi, ko yana jin muryoyi suna yi masa magana.

"Muryar matata kawai, ita ma ba na neman magani a kanta."

Likitan ya yi dariya sosai. Sannan ya ce ya fito da hannun. Ya kalle shi ɗan lokaci, ya ajiye biro.

"Malam, an turo ka ɗakin da ya dace, amma ba ranar da ta dace ba. Mu biyu ne mutane ke kira likitan ƙwaƙwalwa. Ni nawa tunani ne, da damuwa, da halayya. Shi kuma nasa wayoyin da suka taso daga kai suke juya jiki. Kai nasa ne, ba nawa ba. Hankalinka ya fi nawa."

"To ina ɗakinsa?"

"Ba shi da ɗaki. Daga wani gari yake zuwa ran Laraba, ni nake ara masa wannan."

"Wannan ɗin? Ta wannan ƙofar?"

"Ita kaɗai muke da ita."

Gyara-Zama ya fito ransa kamar ya yi kuka don takaici. An wanke shi daga hauka a cikin ɗaki, tsakaninsa da mutum ɗaya, amma shigarsa da fitarsa a gaban tasha guda aka yi su. Da ma likitan zai fito bakin ƙofa ya maimaita maganar nan da ƙarfi, da ya ji sanyi.

Laraba ta farko likita bai zo ba, mota ta lalace masa a hanya. Ta gaba ya zo, amma mutanen da suka taru sun fi ƙarfin yini, aka ce sauran su dawo. Wata Larabar aka ce yana taro. Wata kuma nas ɗin da ke kiran suna ta ce ba ta ga katinsa ba, da aka gano shi a cikin na dattijon likita, baƙon ya riga ya kama hanya. Gyara-Zama ya yi faɗa ranar, ya ɗaga murya har mai saƙa ta matsa gefe, sai kuma ya tuna inda yake da yadda faɗa ke kama a irin wannan wuri, ya haɗiye sauran ya zauna.

Kowace Laraba kuma sai ya wuce rumfar mai shayi. Tun ana tambayarsa wa ya zo dubawa har aka daina. Gaisuwar ta koma mai laushi, irin wadda ake yi wa wanda aka yi wa rasuwa. "Sannu, Gyara-Zama. Ya jiki? Allah ya ƙara sauƙi." Da zagi suka yi masa da ya fi jin daɗi, don zagi ana ramawa.

A shago ba wanda ya ce masa komai. Mutanen kirki ne, ba su guje shi ba, suna zuwa a yi musu kai da kilifa. Sai dai in ya kai hannu wajen tawul, mutum ya dubi agogo ya ce, "Yau a bar gemun, sauri nake." Kowa ya zama mai sauri a garin. Mai katifa, wanda ba shi da inda za shi sai ƙofa ta gaba, ya ce ai shi ya yanke shawarar tara gemu ne. Wani ya zo da ɗansa aski, ya tsaya a kansu har aka gama bai zauna a benci ba. Gyara-Zama yana ganin duk wannan a madubi, wanda ba a iya ɓoye masa komai. Ba ya iya cewa kowa ya yi masa laifi, shi ya sa fushin ya rasa inda zai sauka sai a gida, a kan gishirin miya da ƙarar rediyo. Matarsa ta shanye, wani lokaci kuma ta rama.

Ranar da ya ga likitan a ƙarshe, ba wani abin mamaki da ya faru. An kira shi kawai, ya shiga. Mutum ne matsakaici, rigarsa duk ta yamutse da zaman mota, ga kofin shayi ya huce a gabansa. Abin da Gyara-Zama ya fara gani shi ne layin gemunsa, an karkatar da shi ta hagu, aikin wani mai gaggawa. Likitan ya sa shi tafiya, ya sa shi zana da'ira a takarda, ya tsaya a bayansa ya ɗan ja kafaɗunsa. Duka-duka bai kai tsawon gyaran fuska ɗaya ba, abin da aka yi watanni ana nema.

Ya faɗi sunan ciwon, suna ne na wani bature, bai zauna wa Gyara-Zama a kai ba. Ya ce ba hauka ba ne, kuma ba ya zama hauka don an ambace shi. Ya ce ba ya warkewa, amma akwai magani da ke riƙe shi, in an kiyaye lokacin sha za a daɗe ana cin moriyar hannun. Wannan karon Gyara-Zama bai zubar da ko kalma ɗaya ba, ya saurara har ƙarshe.

"Likita, ni mai aski ne," in ji shi. "Da aska nake aiki. Ba dogon bayani nake so ba. In na sha maganin nan, kai za ka kwanta a kujerata ka miƙa mini wuyanka?"

Likitan ya shafa gemun nan nasa karkatacce, ya dubi hannun da ke kan tebur.

"Da safe, bayan ka sha magani ya kama ka, zan kwanta har in yi barci," in ji shi. "Da yamma, ka yini a tsaye, ka gaji, maganin ya fara sakinka, ba zan kwanta ba. Kai ma kada ka kwantar da kowa."

Gaskiya ya faɗa, duka biyun. Bayan 'yan makonni hannun ya dawo, da hantsi yakan tsaya cak kamar na saurayi, maɓalli ya daina gardama, tafiyarsa ma ta saki. Matarsa ta yi ta godiya ga Allah, Malama ta ce da tun farko an faɗi magana cikakkiya da ba a kai haka ba, ya ce ta rufe masa baki. Sai dai likita bai san yadda titin nan yake ba. Da hantsi direbobi suna kan hanya, ma'aikata suna ofis, mai katifa yana ciniki. Tun da aka buɗe shagon, gyaran fuska aikin yamma ne, lokacin da mutum ya sauke gajiya yake so a lallaɓa shi. Saboda haka da safe Gyara-Zama yakan zauna shi kaɗai da lafiyayyen hannu, ya wasa aska, ya share ƙasa da ba gashi a kanta, ya kalli motoci suna gangarawa tasha. In rana ta karkata bencin ya fara samun mutane, sai babban yatsa ya soma murza zarensa.

Wata yamma Dogon Zango ya shigo, ƙurar hanya har gira, gemu ya cika masa fuska. Bai tsaya a benci ba, ya faɗa kujera ta yi ƙara, ya kwantar da kai baya da kansa. Akwai mutum biyu suna jira, don su ji ya ɗaga murya.

"Aska nake so, ba wannan injin mai kukan sauro ba. Ni duk surutun da ake yi a rumfa bai dame ni ba. Na ce musu mutumin nan tun ba ni da furfura yake riƙe da wuyana."

Ya rufe ido. Gyara-Zama ya tsaya a kansa. Rabon da wani ya kwanta masa haka har ya manta. Ya jiƙa tawul da ruwan ɗumi ya shimfiɗa masa a fuska, ya kaɗa kumfa, ya ɗauko aska ya buɗe. Ya riƙe ta a gefen cinyarsa, inda madubi ba ya kaiwa, ya dube ta. Bakinta yana rawa, kaɗan ne ƙwarai, ba wanda zai gani sai shi.

Ya naɗe ta, ya ɗauke tawul ɗin.

"Ka dawo da safe, Dogon Zango."

Direban ya buɗe ido. "Da safe ina? Da asuba nake lodi, ka sani. Sai bayan mako zan dawo, shi ma da yamma."

"To bari in rage maka da kilifa."

"Haba, Gyara-Zama. A gaban mutane na zo na kwanta maka. Ni fa ba na tsoronka."

"Na sani," in ji Gyara-Zama, ya miƙa hannu ya sauko da kilifa daga ƙusa. "Ni nake tsoro."